Wa ya taɓa tambayar yaran abin da suke ji in sun karanta labari?

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiye kundayen digiri a sashen Hausa na jami'o'inmu da kwalejojin ilimi ya san irin taken da ake gani a jere a kan kanta: jigo da salo a littafin wane, zubi da tsari a littattafan wance, matsayin mace a ƙagaggun labaran kaza, karin magana a cikin kaza. Shekara da shekaru ana wannan aikin kuma ni ba na raina shi, da shi aka san adabin Hausa har a Ingila da Jamus da Amurka. Amma abin da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya shi ne kullum littafi ake tuhuma, marubuci ake tuhuma, shi kuwa yaron ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare da yarinyar da ke ɓoye waya a ƙarƙashin filo tana karatu har biyun dare, waɗanda a kansu ne ake ta cacar baki kan abin da littattafan ke yi masu, da wuya ka ga kundin da ya zauna da su ya ji ta bakinsu. Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a nan cikin garin Katsina, kuma ra'ayina shi ne lokaci ya yi da masu bincikenmu za su juya su fuskanci mai karatun, musamman ƙaramin mai karatu.

Wannan fa fanni ne mai zaman kansa a duniyar ilimi, ba yau aka fara ba. Tun 1938 wata malama a Amurka mai suna Louise Rosenblatt ta fitar da littafinta Literature as Exploration, inda ta ce ma'anar labari ba a kwance take cikin takarda tana jiran a zo a ɗauka ba, tana samuwa ne a lokacin da wani takamaiman mutum, da tarihinsa da tsoronsa da abin da ya gani a gidansu, ya haɗu da wannan rubutun. Daga baya a 1978 ta ƙara faɗaɗa maganar ta ce karatu iri biyu ne, akwai wanda kake yi don ka kwashi wani bayani ka tafi da shi kamar mai duba yadda ake shan magani a jikin kwali, akwai kuma wanda hankalinka yake kan abin da kake ji a ranka a daidai lokacin da kake karantawa, kuma matsalar makaranta ita ce tana ba yaro labari ko waƙa sannan ta tilasta mashi ya karanta da irin na farkon. Ku duba shekarar 1938 ɗin nan da kyau. Magana Jari Ce ya fito a 1937, shekara ɗaya kenan tsakani. Alhaji Abubakar Imam a Kwalejin Katsina ya yi karatu, yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar rubutu ta 1933 da wani Bature, Rupert East, ya shirya, kuma shi Magana Jari Ce ɗin don 'yan makaranta aka nemi ya rubuta shi. Wato mun fi shekara 80 muna miƙa wa yara littafi a aji, kakanni sun karanta, iyaye sun karanta, jikoki na karantawa, amma in ka tambaya wane labari ne a ciki yaran Katsina suka fi so, wanne ne yake ba su tsoro, wanne suke tsallakewa, yaran yanzu da na 1980 abu ɗaya suke gani a ciki ko kuwa, sai dai kowa ya ba ka labarin yarintarsa.

Abin da muke yi a aji kuwa sananne ne, ni ma a cikin tsarin nake. A karanta labari, malam ya ce to wane darasi kuka koya, hannaye su tashi, wani ya ce haƙuri, wata ta ce biyayya ga iyaye, wani ya ce sharri ɗan aike ne, a rubuta a allo a kwafa, ranar jarabawa a mayar wa malam kayansa. Yaranmu suna da wayo, tun daga firamare sun gane amsoshin nan guda huɗu ko biyar ne kuma suna shiga kowane labari, yaro zai iya ba ka su ko bai buɗe littafin ba. Wani marubucin littattafan yara a Ingila, Aidan Chambers, wanda shi ma tsohon malamin makaranta ne, ya yi aiki da malamai a kan wannan matsalar ya fitar da littafi a 1993, abin da suka lura da shi shi ne da zarar ka ce wa yaro "me ya sa?" sai ya ɗauka tuhuma ce ya rufe bakinsa, amma in ka ce mashi ya faɗa maka abin da ya burge shi, abin da bai so ba, da wurin da ya ɗaure mashi kai, sai magana ta ɓalle. Wurin da ya ɗaure kai ɗin nan shi ne ya fi komai amfani.

Na ga haka da idona a Daura, can ne dangin mahaifiyata suke. Wani hutu da daddare an ɗauke wuta muna zaune a tsakar gida, goggona tana ba jikokinta labarin Bayajidda yadda ita ma aka ba ta, macijin da ke cikin rijiyar Kusugu wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, baƙon da ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa cikin dare, ya je ya sare kan macijin. Ana cikin haka sai wata 'yar ƙanwata da ba ta wuce shekara takwas ba ta katse ta, ta ce "Inna, to sauran kwana shidan da me suke wanka da girki?" Goggo ta ce ajiyewa suke yi a randa. Yarinyar ta yi shiru can ta ce "To waɗanda ba su da randa da yawa fa, kuma wa ke ɗebo masu?" Ita ce ake aika ɗibar ruwa a gidansu, ta san nauyin jarka, saboda haka a labarin da mu manya muke jin jarumta da asalin sarauta, ita wahalar ruwa ta ji. Yayanta kuma ɗan shekara goma sha ɗaya duk hankalinsa na kan takobin, wane iri ne, tsawonsa nawa. Sai ƙaraminsu ya ce shi tausayin macijin yake ji don ai gidansa ne aka same shi. Labari ɗaya, zama ɗaya, yara uku 'yan gida ɗaya, kuma da a aji ne aka ce wane darasi kuka koya dukkansu "jarumta" za su ce a wuce wurin. Irin wannan maganar ita ce masu binciken ƙasashen waje suke ɗauka a rikoda, su rubuta ta kalma da kalma, su tara ta yara da yawa su duba me ke maimaituwa, ina shekaru suke kawo bambanci, ina zaman birni da ƙauye yake kawowa. Mu a nan tana fita daga bakin yaro ta bi iska.

Inda rashin wannan binciken ya fi yi mana illa shi ne rigimar littattafan soyayya. A shekarun 1990 an yi muhawara mai zafi a jaridu a kan abin da aka kira adabin kasuwar Kano, Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu suna cikin manyan waɗanda suka fafata, kuma muhawara ce mai daraja wadda ta ɗaga fannin. A 2007 har ƙona littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata aka yi a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Malamai sun yi wa'azi, iyaye sun yi duka, marubuta sun kare kansu sun ce faɗakarwa suke yi kan auren dole da zaluncin kishiya da hana mace karatu. Kowane ɓangare yana da tabbacin abin da littafin yake yi wa zuciyar yarinya, wannan ya ce yana lalata ta wancan ya ce yana wayar mata da kai, amma a duk abin da ya zo hannuna na wannan muhawarar muryar ita yarinyar ce ta fi ƙaranci. A Amurka da aka yi irin wannan raini ga littattafan soyayyarsu, wata mai bincike Janice Radway ta je ta zauna da mata 42 masu karanta su, ta fitar da sakamakon a 1984, kuma babban abin da ta gano ba a cikin labaran yake ba, su matan sun ce ɗaukar littafin kansa shi ne lokacin da suke samu su huta daga hidimar miji da 'ya'ya, su ce yanzu kam lokacina ne. Ba wanda zai gano haka ta hanyar nazarin jigo komai ƙwarewarsa. Waɗancan manyan mata ne kuma al'adarsu daban da tamu, ban ce abin da ta samu shi za a samu a Ƙofar Marusa ko Sabuwar Unguwa nan Katsina ba, hanyar da ta bi nake magana a kai.

Kuma yanzu abin ya wuce littafin takarda da ake haya a shago. Yarinyar yau a WhatsApp take karatu, marubuciya na sakin labari shafi-shafi a guruf, a ba da na farko kyauta in ya yi daɗi a ce sai an biya, wasu a Wattpad wasu a Facebook, wanda bai iya karatu sosai ba ko wadda hannunta ke cikin wanke-wanke ta kunna a YouTube ana karanta mata. Kuma ba shiru suke karantawa ba, suna mayar da martani nan take, su zagi tauraron labarin, su roƙi marubuciya kada ta kashe wance, su rabu gida biyu wasu na bayan uwargida wasu na bayan amarya, har marubuciyar takan canza akalar labari saboda surutunsu. Abin da masu bincike a wasu ƙasashe suke shan wahala kafin su samu, wato martanin mai karatu a lokacin da yake karatun, mu ga shi nan a rubuce dubbai a cikin wayoyi. Ba zan ɓoye ba, a cikin waɗannan labaran akwai na batsa tsagwaronta waɗanda ba na fatan 'yata ta gani, na ƙwace waya a aji na ga abin da ya hana ni barci. Amma wannan ai shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata a sani, a wace shekara suke fara cin karo da su, wa ke tura masu, wayar wa suke ara, suna ɗaukar abin da ke ciki gaskiyar zaman aure ne ko sun san ƙage ne, akwai waɗanda suke karantawa su ji ƙyama su bari. In ba mu san wannan ba duk dokar da za a kafa da duk wa'azin da za a yi shaci-faɗi ne.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, don sun sha faɗa mani a ofishin malamai: Malam, yaron da bai iya haɗa baƙi ba ina shi ina ra'ayi a kan adabi, a fara koya masu karatun tukuna. Maganarsu tana da nauyi. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta, a Afirka kudu da Sahara kuwa kashi 89. Mu da muke karɓar yara daga firamare ba ma buƙatar rahoto ya faɗa mana. An kuma yi ƙoƙari, shirin RANA da UNICEF ta kawo jihohin Katsina da Zamfara ya koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwan firamare, kuma irin waɗannan shirye-shiryen suna auna kalma nawa yaro ke karantawa a minti ɗaya, abu ne mai kyau a auna. Sai dai wannan ma'aunin yana gaya maka ko yaro ya iya ne kawai, ba ya gaya maka ko zai so ya ƙara buɗe littafi bayan an tashi daga makaranta, alhali son shi ne yake riƙe iyawar. A Ingila Alice Sullivan da Matt Brown sun bi bayanan mutum wajen 6,000 da aka haifa a 1970, suka fitar da sakamako a 2013 cewa waɗanda suke karatu don jin daɗi sun fi ci gaba tsakanin shekara 10 zuwa 16 a yawan kalmomi da rubutu har ma da lissafi, kuma tasirin hakan ya fi na a ce iyayen yaro suna da digiri. To in haka ne sanin abin da ke sa yaro ya so labari yana cikin aikin koyar da karatun tun daga tushe. Ban da haka ma, yaron da bai iya karatu ba ai yana jin tatsuniya yana jin ƙissa a Islamiyya, yana da ra'ayi a kan Gizo da Ƙoƙi, kuma duk wanda ya taɓa ba yara tatsuniya ya san yawancinsu bayan Gizo suke duk da makircinsa, wannan kaɗai ya isa a yi kundi a kansa.

Akwai kuma wani zalunci da ake yi mana da sunan bincike, a zo da takardar tambayoyi da Turanci a raba wa yara a aji malam na tsaye a kansu da bulala, littafi nawa ka karanta a wannan zangon, sau nawa kake zuwa laburare, a tattara a buga lissafi a ce yaran Arewa ba su da al'adar karatu. Yaron ya fahimci littafin Turanci na silabas ake nufi, ba zai lissafa Ƙisasul Anbiya da yake karantawa a Islamiyya ba, yarinyar kuma ko za a yanka ta ba za ta rubuta cewa ta gama labari mai shafi ɗari biyu a wayar yayarta ba don ta san abin da zai biyo baya. Almajirin da ke karanta ajami ba a ma sa shi a lissafin. Sannan makarantar da ake tambaya sau nawa kake zuwa laburare wataƙila ɗakin ya zama sito tun tuni. Binciken da nake kira a yi mai cin lokaci ne, a zauna da yara kaɗan na tsawon zango, da Hausa, ba a gaban malaminsu ba, da izinin iyaye, mace ta zauna da 'yan mata don akwai kunya kuma kunyar nan gaskiya ce dole a girmama ta, a kuma yi masu alkawarin ba za a kai maganarsu ofishin firinsifal ba a cika alkawarin.

Wani abu da yake tsaya mani a rai, a ajina akwai yaran da iyayensu suka baro Batsari da Jibiya da Safana saboda 'yan bindiga, kuma duk jihar nan ba wanda ya manta Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. Wata rana muna karanta wani labari mai ɓarayi a daji, irin wanda sauran yara ke dariya saboda wautar ɓarayin, na lura wani yaro a layin baya ya kifa kansa a kan benci. Bayan an tashi na kira shi na ce lafiya, ya ce "Malam, ba haka suke ba, ba sa tsayawa magana." Bai ƙara komai ba ni ma ban matsa mashi ba. Wata malama Ba'amurkiya, Rudine Sims Bishop, ta yi rubutu a 1990 cewa yaro na buƙatar littafin da zai ga kansa a ciki da kuma wanda zai leƙa rayuwar wasu ta cikinsa. To yaran nan wanne suke buƙata yanzu, labarin da ya taɓo abin da suka gani ko wanda zai ɗauke masu hankali daga kansa, ko kuwa ya danganta da yaron da kuma tsawon lokacin da ya wuce? Malamai dubbai a jihar nan suna tsaye gaban irin waɗannan yaran kowace safiya kowa na yin abin da zuciyarsa ta ba shi.

Kuma ba wai ba mu da wuraren yin aikin ba. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Alƙalam, ga ta Tarayya a Dutsinma, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a nan Katsina, ga ta Isa Kaita, ga Kwalejin Yusufu Bala Usman a Daura, duk shekara ɗalibai na neman taken kundi suna yawo a kan littattafan da an riga an tatse su. Su ɗaliban kwalejin ilimi ma ai dole ne su je koyon aikin koyarwa su yi watanni a cikin aji tare da yaran. Kayan aikin bai wuce wayar da ke ɗaukar murya da littafin rubutu da haƙurin sauraro ba, abin da ya fi wuya shi ne malamin da ke duba kundin ya yarda cewa maganar 'yar shekara takwas hujja ce da za a iya kafa babi a kanta, sannan sashen Hausa da sashen ilimi su daina zaman kowa da kiwonsa, don wannan aikin yana tsakaninsu ne, ɗaya ya san adabi ɗaya ya san yaro. Sakamakon kuma kada ya tsaya a kanta, a taƙaita shi da Hausa a kai wa masu zaɓen littattafan makarantu da marubuta da mu malamai. Ina roƙon malaman da za su amince da taken kundaye a zango mai zuwa, ko da ɗalibi biyu ne a kowane sashe a tura su wannan hanyar, ajina a buɗe yake ga duk wanda ya zo da takardar izini daga makarantarsa.